Me za mu kira "live rock" da Hausa?

1/ Jama'a, masu kiwon kifin ado na ruwan gishiri suna da wani dutse da suke kira "live rock". 'Yan'uwanmu na Nijar za su fi cin karo da shi a matsayin "pierres vivantes". Duk wanda zai haɗa akwatin kifi na gilashi irin na teku, zancen wannan dutsen ake fara yi masa. Sunansa na Hausa muke nema, ni kuwa na tsayar da nawa: ɗanyen dutse. A bari in kawo hujja kafin a yi mini ca.

2/ Shi dutsen kansa ba shi da rai. Ƙwarangwal ne na murjanin teku (ƙananan halittun nan da ke gina tsaunuka a ƙarƙashin teku) da ya mutu tuntuni, ya ɓalle, ya daɗe kwance a ruwa. Jikinsa duk ramuka ne, shi ya sa bai kai dutsen ƙasa nauyi ba. Masu ran su ne mazauna ramukan: bakteriya, ƙananan tsutsotsi, 'yan mitsi-mitsin jatan lande, da wata gansakuka mai tauri, ruwan hoda ko shunayya, da ke lulluɓe samansa.

3/ Bakteriyar ake saya da kuɗi, sauran gyara ne. Kashin kifi da ragowar abinci suna zama amoniya, guba ce. Bakteriyar da ke saman dutsen tana mayar da ita naitirayit, shi ma guba, wata kuma ta mayar da shi naitiret mai sauƙin illa. Can cikin ramukan, inda iskar oksijin ba ta isa sosai, akwai wata da ke mayar da naitiret iskar naitirojin ta fice daga ruwan. Masu kiwon murjani na birnin Balin a Jamus sun gina tsarinsu a kan wannan tun shekarun 1970, kuma har yau da sunan birnin ake kiran tsarin. Tsohon ƙiyasi shi ne kilo 1 na dutse ga kowace lita 8, wato wajen kilo 12 ga akwati mai lita 100.

4/ Wani ɗan'uwa ya ce a tsaya a kan "dutse mai rai", tunda haka Turawa da Larabawa suka ce. Malam, ban ƙi ta taka ba, amma ka gwada faɗa wa Bahaushe cewa ka ajiye dutse mai rai a falo. Kafin ka gama bayani an fara nema maka mai ruƙiyya. Ban da haka, sunan yana ɗora ran a inda ba ya nan.

5/ "Dutsen murjani" ya fi kusa da gaskiya, sai dai murjani a kunnenmu jan dutsen wuya ne na mata. Wancan jan murjanin daga Bahar Rum aka fi samo shi, kuma ba irinsa ne ke gina tsaunukan ƙarƙashin teku ba. Sannan sunan bai raba wanda ke ɗauke da bakteriya da wanda aka shanya ya bushe ba, alhali a kasuwa wannan bambancin shi ne komai, har a farashi.

6/ Nan ne ɗanye ya yi mini. Muna da ɗanyen kifi da busasshe, ɗanyen itace da busasshe. Da ka ce abu ɗanye ne, ka riga ka gaya wa mutum yadda zai riƙe shi: da laima a jikinsa, ba a barin sa a rana, in aka yi sake ya ruɓe. Abin da sabon shiga ke buƙatar ji ke nan. Ba a wanke wannan dutse da ruwan famfo, don ruwan daɗi da kulorin suna kashe mazaunansa. Ba a zuba maganin kifi mai tagulla a akwatin da yake ciki, don dutsen zai shanye ta ya riƙa sakinta a hankali, murjani da jatan lande kuwa ba sa jure ta. Ga shi kuma abokin tafiyarsa ya zo mana a ɓagas, "dry rock" ya zama busasshen dutse, ba sai mun ƙirƙiro komai ba.

7/ Wata Hajiya ta ce in aka ce ɗanyen dutse za a ɗauka ma'adini ne da ba a sarrafa ba, kamar ɗanyen mai. Gaskiyarki. A farkon rubutu sai a ce ɗanyen dutsen teku, daga nan a gajarta.

8/ Akwai wani rabe-rabe da ya kamata sunan ya iya ɗauka. Dutsen da ya sha doguwar tafiya, wasu mazaunansa sun mutu a hanya, yana zuwa da wari, wani lokaci har na ruɓaɓɓen ƙwai. Wannan ina kiran sa sabon sauka. Ana ajiye shi a bokitin ruwan gishiri da injin motsa ruwa na wasu makonni, ana canza ruwan, ana aunawa, har amoniya da naitirayit su koma sifili. Sai a ce ya kwanta. Kafin ya kwanta kada kifi ya shiga. A nan ne kuma ake farautar baƙin da ba a gayyata ba, irin su ƙaguwa mai cin ƙananan kifi da Aiptasia, wata halitta mai harbi da ke yaɗuwa ta addabi murjani.

9/ Yanzu ma wanda aka ɗebo kai tsaye daga teku ya yi ƙaranci. Amurka ta rufe ɗibarsa a ruwan tarayya na yankin Fulorida a 1997, Fiji da ta daɗe tana cika kasuwa da shi ta sanar da hana fitar da shi a ƙarshen 2017, kuma yarjejeniyar CITES, ta ƙasa da ƙasa kan cinikin halittun da ke fuskantar ƙarewa, ta sa sai da takarda yake tsallake iyaka. A Fulorida zuba busasshe suke yi a teku, su bar shi shekaru, su kwaso shi ɗanye. A gida ma haka ake yi: a sayi busasshe kilo 10, a haɗa da ɗanye kilo 2, bakteriya ta yaɗu cikin makonni, gansakukar nan ruwan hoda kuma ta biyo baya bayan watanni.