Yaro Mai Tashi da Harsuna Biyu

Wasu iyaye sun tattauna kan renon yaro da harsuna biyu. Babbar damuwarsu ita ce ko harsuna biyu na jinkirta buɗewar bakin yaro. Masu gogewa suka ce a'a: kalmar farko kan fito wajen wata 12, haɗa kalmomi biyu wajen shekara 2. In za a ƙirga kalmominsa, a haɗa na harsunan duka.

In ya cakuɗa su, a maimaita masa jimlar daidai, kar a tsawata masa.

Shawarar da ta fi burge ni: harshen gida ne ke raunana da zarar an shiga makaranta, don haka a yawaita hira da yaro da harshen gida ido da ido, domin waya ba ta amsa wa yaro. Wanda ya kai wata 18 bai furta komai ba, a kai shi a duba jinsa.