Zauren Gidanmu na Ƙofar Ƙaura: Shin Dokta Ya Yi Asarar Tafiya?

Kawu: Assalamu alaikum. Na ji Dokta ya karɓi aikin bincike a Holan, wani gari wai shi Wageningen, mai mutum wajen dubu 40. Ni dai a ganina, in mutum zai bar Katsina, ya bar ta don babban birni irin Landan, inda za a san da shi. Ka bar gida ka ƙare a ƙauyen Turawa, ai asarar tafiya ce.

Dokta: Wa alaikumus salam Kawu, Allah ya ƙara girma. Garin ƙarami ne kam, amma jami'arsa ta aikin gona ce, tun 1918, kuma a fannin nan duniya ta san ta. Aikina a kan ƙuduji ne, ciyawar nan da ke cinye mana dawa a gonar Batagarawa. Ƙwayarsa kan kwanta a ƙasa fiye da shekara 10, ba ta tsira sai ta ji wani sinadari da saiwar dawa ke fitarwa. Shi nake son aunawa. Bara wuta ta ɗauke mana kwana uku a ɗakin bincike, firiza ta narke. Da na buɗe ta, ruwa ne ya zubo mini a ƙafa, aikin wata shida ya tafi. Wallahi ranar ban iya cin abinci ba.

Yaya Babba: Kawu, a yi mini afuwa, ina bayan Dokta. Samaru ta Zariya fa? Wa ya san ta kafin a kafa cibiyar binciken noma? Yau irin da manomanmu ke shukawa da yawa daga can ya fito. Mai bincike kayan aiki yake bi, ba yawan benaye ba.

Gwaggo: Ku kuna ta kayan aiki, ni ina ta mutane. Ɗana, in matarka ta haihu wa zai zo suna? An ce da hunturu ƙarfe 4:30 rana ta faɗi. Ita kaɗai a ɗaki da yara biyu, ba maƙwabciyar da za ta leƙo ta ce ina kwana.

Auta: Gwaggo ta taɓo wurin. A babban birni ko ba komai za ka ji ana Hausa, ka samu mai sayar da kuka da daddawa. Kuma Anti, matar Dokta, malamar jinya ce, ba za ta yi aiki a can ba sai ta iya yarensu.

Dokta: Wannan gaskiya ne, kuma shi ke hana ni barci. Mun yi shawara ni zan fara tafiya, ita ta fara koyon yaren daga nan. Babban birninsu Amstadam kuwa ba ta da nisa, awa ɗaya da 'yan mintoci ne a jirgin ƙasa.

Kawu: To na ji batun ƙanƙantar gari, na sassauta. Amma ɗaliban da kake koyarwa fa, wa ka bar wa su? Mun ga da yawa sun ce shekara biyu, har yau shiru.

Dokta: Biyu daga cikinsu za su ci gaba da tattara mini ƙasa daga gonakin Batagarawa da Mashi, da sunansu a aikin. Alkawarin dawowa kuwa, Kawu, ba zan ɗauka a waya ba.

Kawu: To ka zo gida bayan Isha'i, ka faɗa a gaban Inna.