Shin jiragen Mali sun riga Kolombus isa Amurka?

Baffa: Ni dai ina nan a kan bakana, mutanen Mali sun taka Amurka kafin 1492, shekarar da Kolombus ya isa can. Mansa Musa, sarkin Mali, da kansa ya ba da labarin a Alƙahira, da ya yada zango kan hanyar hajji a 1324. Al-Umari, wani Balarabe masanin tarihi, ya rubuta cewa sarkin da ya gabace shi ya tura jirage 200 su gano iyakar tekun Atlantika, ɗaya kaɗai ya komo. Sai sarkin ya haɗa jirage 2000, ya shiga da kansa, ya bar wa Musa riƙon ƙasa, shi ke nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Malam: Baffa, a gafarce ni, wannan labarin tashi ne, ba na sauka ba. Shi ma al-Umari bai ji daga bakin Musa ba, ya zo bayan shekaru ya tattara daga waɗanda suka zauna da shi. Bai ma ambaci sunan sarkin ba.

Hajiya: To Malam, manyan kawunan dutse na Olmek, wata tsohuwar al'umma ta Meziko, fa? Kowa ya gan su ya ga fuskar baƙar fata.

Malam: Hajiya, an sassaƙa su fiye da shekara 1000 kafin a kafa daular Mali.

Baffa: Na ji. Amma matuƙin da ya tsira ya ce sun tarar da wani kogi mai ƙarfi a tsakiyar teku, ya ja sauran jiragen. Igiyar ruwan nan tana nan har gobe, daga gaɓar Afirka ta Yamma take tura jirgi yamma. Wa ya gaya wa mutanen zamanin wannan in ba gani suka yi ba?

Malam: Wannan hujja ce mai nauyi, ta nuna an shiga tekun da gaske. Sai dai ku duba 'yan Baikin, matuƙan jiragen ruwa na arewacin Turai: a Niyufanlan ta Kanada an tono gidajensu, an ga maƙerarsu, har an gano itacen da suka sare a 1021. Na Mali, ko guntun kasko ba a samu ba.

Auta: Baffa, ni abin da ya tsaya min shi ne, in sun sauka, me ya hana dawa ko shinkafarmu tsira a can tun lokacin?

Baffa: Auta, wanda ya kai gaɓa a galabaice ba gona zai fara nema ba. A je a tona gaɓar Burazil tukuna, sannan mu sake zama.