Me za mu kira ruwan da ke cika kogi ba tare da hadari ba?

Salamu alaikum jama'ar Zango. Akwai kalmar Turanci da nake so mu tsayar mata da suna a Hausa: snowmelt, wato ruwan da dusar ƙanƙara ke bayarwa in ta narke. Yaranmu na Aboabo da Asawase da Nima suna nan birjik a Italiya da Jamus da Kanada, kuma daga Afrilu zuwa Yuni hukumomin can kan yi gargaɗi a kan wannan. In za mu isar da shi a WhatsApp ko a rediyo, me za mu ce?

Dusar ƙanƙara takan taru a kan tsaunuka duk tsawon hunturu. Da zafi ya kawo kai sai ta narke ta gangaro, koguna su tumbatsa, alhali sama tas take. In aka yi rashin sa'a ruwan sama ya sauka a kan dusar, ƙarfin ya zama biyu. Haka ta faru a Kalgari ta Kanada a Yunin 2013, da Yellowstone ta Amurka a Yunin 2022.

'Yan jarida kan ce narkewar dusar ƙanƙara. Ba laifi, sai dai ta yi tsawo, kuma ba ta ambaci ruwan da ya iso kogi ba, shi kuwa ne mai cin mutum.

Wani ƙanena ya kawo ambaliyar ƙanƙara. Ƙane, a'a. A Kumasi ƙanƙara ko ta firji ce, ko wadda ke dukan kwanon ɗaki. Ita kuma ambaliya sa mu take mu dubi sama. Mutumin Akara in ya ji ta, 3 ga Yunin 2015 yake tunawa, ruwa kamar da bakin ƙwarya, kogin Odaw ya ƙetare gaɓa. Wanda ya tashi da wannan sanin, muddin rana na waje hankalinsa kwance yake.

Wani dattijo mai tushe a Yawuri ya ce a kira shi baƙon ruwa. Baba, Allah ya ƙara girma, hujjarka ta kama ni. Kogin Neja yakan sake cika cikin hunturu da ruwan da aka yi a tsaunukan Gini watanni baya, kuma mutanen arewacin Gana sun san irin wannan baƙo duk sa'ad da aka buɗe madatsar Bagre ta Burkina Faso. Amma sunan bai nuna daga inda baƙon ya fito ba, kuma nan ne sanyin yake. Ruwan da ya narke daga dusar nan kaɗan ya rage ya daskare. Wanda ya faɗa ciki numfashinsa kan sarƙe nan take har ya shaƙi ruwa, cikin kamar minti 10 hannu ya daina riƙo, ko da gwanin iyo ne a tekun Labadi. Ga shi abin da ya narke da rana sai yamma ko dare yake isowa ƙasa, mashigin da ka taka da safe iya idon sawu, bayan la'asar ya kai gwiwa. Hukumar yanayi ta Amurka ta ce santimita 15 na ruwa mai gudu na iya kayar da babban mutum, 30 kuma ya ɗauke ƙaramar mota.

Ni dai na tsaya a kan ruwan narke. Mun saba kiran ruwa da asalinsa, ruwan sama, ruwan rijiya. In ya fita daga gaɓa, ambaliyar narke. Watannin kuma lokacin narke, mu huta da kiran su bazara, wadda a wurinmu zafin gaban damina ce.

Wata Hajiya malamar makaranta a Nima ta ce a nahawu ruwan narkewa ya kamata. Hajiya, gaskiyarki, amma gwada su a baki: ruwan narke ya sauko, kada yara su je bakin kogi. Ta ce to a farkon sanarwa a cika shi, ruwan narken ƙanƙara, daga baya a taƙaita. Na karɓa. Masu shirin Hausa a gidajen rediyon Kumasi da Akara, saura ku.