Fentin jar ƙasa da ƙaro: neman shawara kafin a sayar

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ni mai zane ne, tun da fentin kanti ya yi tsada na koma haɗa nawa. Jar ƙasa nake dakawa, in tankaɗe, in kwaɓa da ruwan ƙaro, baƙin kuma tawadar allo ce. Launin ya yi mini yadda nake so, amma in ya bushe sai ya tsattsage, wani wurin ma kana goga yatsa zai biyo ka. Ga shi wani mai otal ya ga hoton aiki ɗaya, ya ce yana so. Me zan gyara, kuma yaya zan yi masa kuɗi?

Malamin Zane Samaru: Wa alaikumus salam. Tankaɗe kaɗai ba ya raba ƙasa da yashi. Ka zuba garin a bokiti, ka cika ruwa, ka dama sosai, ka ɗan dakata. Yashin zai riga kwantawa. Ruwan da ke sama mai launi shi za ka tsiyaye a wani mazubi, ka bar shi ya kwana. Da safe ka zubar da ruwan, laushin da ya kwanta ka shanya shi a faranti, sannan ka niƙa a kan gilashi mai kauri. In ka murza tsakanin yatsu ka ji ƙaras-ƙaras, bai yi ba, ka sake. Batun tsagewa kuwa, ƙaro in ya bushe ƙandarewa yake. Ɗiga masa zuma kaɗan, kaɗan fa, don in ta yi yawa zanen zai riƙa danƙo da damina. Inda launi ke biyo yatsa, ƙaron ya yi kaɗan. Inda ya yi ƙyalli ya fashe, ya yi yawa, ko ka lafta da kauri.

Hajiya Mai Zayyana: Ƙanina, ka duba irin ƙaron ma. A gidanmu na dakwara muke nema don zayyanar allon sauka, mai haske, ba mai duhun nan da ɓawon itace a jiki ba. Jiƙa shi ake ya kwana, a tace da ƙyalle. Kar ka haɗa da yawa, da zafin nan kwana kaɗan zai yi tsami. Amma abin da ya fi damuna shi ne otal. Ka tuna tawadar allo an yi ta ne don a wanke. Ranar da mai shara ya kai jiƙaƙƙen tsumma kan zanen nan, shi ke nan. In dai da ƙaro ne, ka yi a takarda mai kauri, kafinta ya yi maka firem da gilashi.

Ɗan Fagge: Wallahi Hajiya kin buɗe mini ido. A kan akoko na yi shi, wanda na sayo a Kantin Kwari.

Magini Damagaram: To akoko yana shan ruwa, yana kuma motsi, shi ya sa. Ni farin gam na kafintoci nake sa wa. In ja yadin a kan katako ya yi tam, in haɗa gam da farin fentin bango na ruwa, in shafa, ya bushe, in goge da samfefa, in ƙara shafi biyu. Launin ƙasar ma da gam ɗin nake kwaɓa shi, an tsinka da ruwa. Ya fi ƙaro jure laima nesa ba kusa ba.

Malamin Zane Samaru: Gam yana aiki, sai dai yana ɗan dusashe ƙasar, wannan jan mai rai da ya burge Ɗan Fagge zai ragu. Ni da zai gwada ƙwaiduwa. Tsohuwar hanya ce, da ita masu zanen Italiya suka yi aiki kafin fentin mai ya yaɗu. A cire farin ƙwan tas, a tsinka ƙwaiduwar da ruwa, a kwaɓa da garin launi iya na ranar. Shafi marar kauri, a kan katako, don a yadi fashewa take. Kuma a kiyaye kyankyasai a makonnin farko.

Amarya Mai Burushi: Malam, zoɓo fa? Na ga wata tana zane da shi, ja wur, gwanin sha'awa.

Malamin Zane Samaru: Don wasa a littafi babu laifi, amma kar ki sayar wa kowa. Launin zoɓo ba ya daɗewa, haske na cinye shi ya koma toka-toka. Kowane sabon launi ku shafa a takarda, ku rufe rabi da kwali, ku ajiye a taga wata guda, sannan ku kwatanta. Ƙasa da gawayi ba sa kodewa. Shuni ya fi zoɓo ƙarko sosai, Ɗan Fagge kuma yana kusa da marinar Ƙofar Mata, ya je ya gaida marina ya tambaye su. Mai son fentin mai kuma, kar ya kuskura ya tsinka da man gyaɗa, ba ya bushewa.

Anti Kaduna: Ku bar ni da batun ciniki. Ɗana, kar ka bari ya fara tayawa. Ka lissafa kayan aiki, firem, kuɗin mota, da kwanakin da ka ɓata kamar yadda za ka biya ƙwararren ma'aikaci, ka ɗora riba. Daga nan ka tsayar da farashi bisa girma, wanda ya saya a Instagram da wanda ya zo gida su ji magana ɗaya. In ya ce a yi masa wasu, rabin kuɗi kafin alƙalami, a rubuta girma da launi da ranar karɓa a WhatsApp. Na ga yaran da aka bari da zane huɗu a ɗaki saboda kunyar neman kafin alƙalami, abin yana ci mini rai. Kuma ka faɗa masa da bakinka cewa jar ƙasa ce da ƙaro. Kar ka ɓoye kamar wani abin talauci, shi ne ma abin da zai sa a tsaya a kalla.

Malamin Zane Samaru: Gaskiyar Anti. A nan Zariya a 1958 ɗalibai irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyarsu a kan wannan magana, cewa a haɗa abin da aka koya a aji da abin da aka gada a gida. Jimoh Buraimoh na Osogbo da duwatsun ado ya yi suna. Mu muna da dagi, da adon bangon birnin Zariya, da zayyana, ba mu gama taɓa su ba.

Magini Damagaram: Mu nan zanen da ba fuskar mutum ya fi saurin fita, rubutun ayoyi da ƙofofin Birni. In za ka aika a mota, mai gilashi ka sa kwali gaba da baya, ka damƙa wa direba hannu da hannu. Na yadi mai gam ka naɗe shi launi na waje, ka zura a bututun roba mai faɗi.

Hajiya Mai Zayyana: Ayoyi dai a tambayi inda za a rataye kafin a sallama.

Ɗan Fagge: Allah ya saka da alheri. Zan ce wa mai otal ya ba ni lokaci in sake yi masa a takarda da gilashi. Malam, in an tsiyaye ruwan, a rana zan shanya ko a inuwa?

Malamin Zane Samaru: Rana ba ta yi wa ƙasa komai. Ka dai rufa da gidan sauro saboda ƙura.