Dan Allah ya ake gane hujjar "daga nan sai can" in ta bogi ce?

Ɗan Tunfure:
Salam 'yan uwa. A darasin lojik an koya mana wani kuskuren tunani, wato mutum ya ce in aka yarda da kaza to dole kaza zai biyo, daga nan kaza, har a faɗa halaka, kuma bai kawo dalilin ko mataki ɗaya ba. To a majalisarmu wani yake cewa duk wanda ya saya wa 'yarsa waya, gobe TikTok, jibi samari, gata ta bar gida. Na ce wannan kuskure ne, ya ce ai saddu zari'a ne a addini, wato toshe hanyar da za ta kai ga ɓarna. Akwai bambanci kuwa?

Malam Bolari:
Wa alaikumussalam ƙanina. Akwai sosai. Imam Ƙarafi, babban malamin Malikiyya da ya rasu a 684 bayan hijira, ya kasa zari'a gida uku a littafinsa Al-Furuƙ. Akwai wadda aka haɗu kan toshe ta, kamar haƙa rijiya a kan hanyar mutane, ko zagin gumaka in an san masu su za su rama da zagin Allah, duba Suratul An'am aya ta 108. Akwai wadda aka haɗu ba a toshe ta, misali ba wanda ya hana noman inabi don tsoron a yi giya da shi, sai ta uku da aka yi saɓani. To ka ga abin dubawa shi ne yaya ƙarfin zaton ɓarnar yake, ba wai kawai "zai iya faruwa" ba.

Maman Ilham:
Ni dai uwa ce kuma tsoron nan gaskiya ne wlh, kar ku raina shi. Amma ka tambaye shi mataki mataki, daga waya zuwa TikTok ba mai sa ido ne? daga TikTok zuwa barin gida ina iyayen suke, barci? 'Yata da wayar take karatun JAMB, tara na dare na karɓe abata.

Injiniya Pantami:
Amma fa kar ka mayar da shi makami kai ma, duk wanda ya yi gargaɗi ka ce masa kuskuren lojik. In aka ce ƙaramin kwari a bayan gida in ba a tare shi ba zai cinye layin, mu 'yan Gombe mun gani da idonmu, ƙasar yashi ce, kowace damina ruwa na ƙara yanka, kowane mataki da sanadinsa.

Ɗan Tunfure:
Na gode. Malam, wayar a wane kaso za ta shiga kenan, na biyu ko na uku?