Ya zo shawara bai biya ba, yanzu abokin shari'arsa na so mu tsaya masa

Sabon Lauya:
Assalamu alaikum manyana. Ofishinmu ƙarami ne, ni da maigidana sai sakatariya, garin kuma kowa ya san kowa. Kwanakin baya wani dattijo ya zo wurina kan rikicin iyakar gona da maƙwabcinsa. Ya zayyana mini komai, har da wani rauni a takardunsa da ba zan faɗa a nan ba. Na gaya masa kuɗin aiki, ya ce zai yi tunani. Bai dawo ba, ko sisi bai biya ba.

Yanzu ga maƙwabcin ya zo da kuɗinsa a hannu, yana so mu shigar masa da ƙara a kan dattijon. Maigida ya ce wanda bai biya ba ba namu ba ne, in kuma raina bai kwanta ba shi zai riƙe shari'ar da kansa. Gaskiya ofishin na bukatar aikin. Me kuka gani?

Hajiya Barista:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, kada ku karɓa. Amanar sirri ba daga ranar biyan kuɗi take farawa ba. Tun lokacin da mutum ya zauna gabanka a matsayinka na lauya ya buɗe cikinsa da nufin ya ɗauke ka aiki, ta hau kanka. Ka duba dokokin ɗa'ar lauyoyi na ƙasarka, amma ƙa'idar kusan ɗaya ce a ƙasashen da suka gaji tsarin shari'ar Ingila. Ƙungiyar lauyoyin Amurka ma a 2002 ta ƙara doka ta musamman a kan wannan, mai lamba 1.18: wanda ya zo neman shawara bai ɗauke ka ba, in ka ji daga bakinsa abin da zai iya yi masa mummunar illa a shari'ar, ba za ka tsaya wa abokin hamayyarsa a kan wannan magana ba. Haramcin kuma ya shafi duk lauyoyin ofishinku, ba kai kaɗai ba.

Ka yi tunanin ranar da dattijon zai shiga akwatin shaida. Kai ka san inda takardarsa ke yoyo. In ka tambaye shi a wurin, ka ci amanarsa. In ka kauce, ka cuci wanda ya biya ka.

Ɗan Kasuwa:
Hajiya, a yi mini afuwa, ni ba lauya ba ne. Amma in haka ne, mai wayo zai zaga duk ofisoshin garin ya yi hira da kowa, ya bar abokin shari'arsa ba lauya. A garin da lauyoyinsa ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, wannan ai zalunci ne.

Hajiya Barista:
Maganarka na kan hanya, Alhaji, kuma ana yi. Shi ya sa bayanin waccan dokar ya ce wanda ya je wurin lauya don kawai ya ɗaure masa hannu ba shi da wannan kariyar. Sai dai dattijon nan, yadda aka ba da labarinsa, ya zo ne da gaske, kuɗi ne suka kore shi.

Tsohon Magatakarda:
Yaro, bari in gaya maka yadda abin ke kasancewa a zauren kotu, don a gabana aka sha yi. Ranar farko dattijon zai gan ka ko ya ga maigidanka, ya raɗa wa lauyansa. Zama na gaba lauyan ya shigo da takardar roƙon a cire ofishinku daga shari'ar, da rantsuwar dattijon a maƙale. Daga nan an bar maganar gona, an koma maganarku. A ɗage, a sake ɗagewa, wanda ya biya ku yana zirga-zirga yana kallon lauyoyinsa suna kare kansu. Kuma a ƙaramin gari alƙalin nan shi za ka tsaya gabansa gobe da jibi. Ba ya mantawa.

Malamin Jami'a:
Kan shawarar maigidanka ta ya riƙe shari'ar kai ka janye: ana yin haka a manyan ofisoshi, a killace lauyan da ya ji sirrin, kada ya taɓa fayil, kada ya ci daga kuɗin, a kuma sanar da mutumin a rubuce. Ko a can kotuna ba sa sakin jiki da shi. A 1998 kotun ƙoli ta Birtaniya ta wancan lokaci, wato Majalisar Dattawa (House of Lords), ta yanke hukunci a ƙarar Yarima Jefri Bolkiah, ƙanin Sarkin Brunei, da kamfanin akantoci na KPMG, wanda ya taɓa yi wa Yariman aiki ya san sirrinsa, daga baya ya karɓi aikin bincike a kansa. Kamfani ne mai ɗimbin ma'aikata, ya ce ya gina katanga tsakanin sassansa, kotu ta ce katangar da aka gina don aiki ɗaya ba ta wadatar ba, kuma nauyin nuna cewa sirri ba zai fita ba yana kan kamfanin. To ina ga ofishin mutum biyu da sakatariya ɗaya ke buga musu takardu?

Hanya ɗaya da ta rage ita ce duka ɓangarorin su amince a rubuce bayan an yi musu cikakken bayani. Ban ga dattijon da zai sa hannu a wannan ba.

Sabon Lauya:
Na gode ƙwarai. To shi maƙwabcin me zan ce masa? Zai tambayi dalili.

Hajiya Barista:
Ka ce ƙa'idar aiki ta hana ofishinku karɓar wannan shari'ar, ka tsaya nan. Kada ka ce dattijon ya taɓa zuwa, don zuwan nasa ma sirri ne. Kada kuma ka bar shi ya fara ba ka nasa labarin. Ka ba shi wasiƙa gajera cewa ba ku karɓa ba, ya nemi wani lauya da wuri saboda wa'adin shigar da ƙara, ka ajiye kwafi. In za ka tura shi wani wuri, ba shi sunaye biyu ko uku ya zaɓa, ko da a garin da ke kusa ne.

Nan gaba kuma sakatariya ta riƙe littafi. Duk wanda ya shigo, kafin ya ce uffan kan matsalarsa, a rubuta sunansa, sunan wanda suke rikici da shi da abin da ake rikici a kai, a duba littafin, sannan a shigo da shi wurinka. Maigidanka kuwa, kada ka yi musu da shi a gaban sakatariya. Ka ɗauko littafin dokokin ɗa'a, ka buɗe masa shafin, ka ce kana neman ya fahimtar da kai.